Dare ɗaya a tsakiyar Kopenhagen: mashayar gargajiya, gidan jaz, ko filin Tivoli?

Wanda taro ko karatu ko kasuwanci ya kai shi Kopenhagen, babban birnin Danmak, da wuya ya dawo ba a ce masa "zo mu je mu ji kiɗa" ba. Sai dai wannan gayyata a bakin ɗan gari tana iya nufin wurare huɗu da ba abin da ya haɗa su sai makaɗa. Akwai ƙaramar mashayar gargajiya wadda suke kira værtshus ko bodega. Akwai mashayar da aka kafa don kiɗa, irin su La Fontaine da Mojo. Akwai gidan jaz (salon kiɗan da ya samo asali daga baƙaƙen fatar Amurka) mai tikiti da kujera, wato Jazzhus Montmartre. Sai kuma kiɗan fili, a lambun Tivoli ko a dandalolin gari lokacin bikin jaz na watan Yuli. Nisa ba ya cikin lissafi. Titin 'yan ƙafa da ake kira Strøget, wanda ya tashi daga dandalin Rådhuspladsen ya ƙare a Kongens Nytorv, bai wuce kilomita 1 da 'yar ɗoriya ba, kuma duk wuraren nan suna gefensa ko 'yan mintuna daga bakinsa. Abin da ke raba su shi ne hayaƙi, da lokacin farawa, da kuɗi, da kuma abin da aka zo yi tun asali.

Wannan na ƙarshen shi ne ma'aunin da ya fi amfani. A mashayar gargajiya sha aka zo yi, kiɗa ɗan rakiya ne. A gidan tikiti kiɗa aka zo ji, kuma babu wanda ya damu da abin da ke cikin kofinka. Ga wanda ba ya shan barasa, kamar akasarin masu karanta wannan, bambancin ba ƙarami ba ne. Hukuncin zama a irin waɗannan wurare tsakanin mutum ne da malaminsa. Abin da ke nan bayani ne na yadda kowannensu yake, don kada a shiga da ka.

Mashayar gargajiya

Ƙofarta ƙarama ce, kuma a tsohon gari sau da yawa sai an sauka matakala uku ko huɗu kafin a shiga. Ciki katako ne mai duhu, fitilu marasa ƙarfi, tebura a matse, hotuna tsofaffi a bango. 'Yan gari suna ce mata brunt værtshus, wato mashaya mai ruwan ƙasa, saboda hayaƙin taba na shekara da shekaru ya rina bango da rufi. Ƙarar da za ta fara dukan kunnenka ba ta kiɗa ba ce. Ta wani ɗan kofin fata ce da ake kifawa a kan tebur da ƙwayoyin lido a ciki. Wasan da suka fi yi da shi sunansa Meyer, wasa ne na ƙarya da kama maƙaryaci, kuma wanda aka ci shi ne yakan sayi abin sha na gaba. Wasu mashayun suna da teburin wasa mai kama da na sunuka, amma da 'yan sanduna 5 a tsaye a tsakiyarsa.

Biyu daga cikinsu sun isa misali. Hviids Vinstue da ke Kongens Nytorv tana nan tun 1723, tana cikin mafiya tsufa a birnin, amma ta hira ce, ba ta makaɗa ba. Hvide Lam da ke dandalin Kultorvet, kusa da tashar Nørreport, ta faro tun 1807, kuma ita an san ta da tsohon jaz irin na New Orleans: ƙaho, banjo, babbar garaya ta tsaye, duk a wani lungu da bai fi tabarma biyu ba. Babu dandamali. Kana zaune, bakin ƙahon yana nisan hannu da kai, wasu a bayanka suna ta musu da ƙarfi. Wannan kusancin shi ne daɗinta, shi ne kuma aibinta, domin rabin waƙar hayaniya ce ke cinye shi.

Babban abin da baƙo ba ya zato shi ne taba. Danmak ta hana shan taba a cikin gidajen abinci da mashayu tun watan Agustan 2007, amma dokar ta bar ƙofa ɗaya: ƙaramar mashayar da wurin zaman baƙinta bai kai murabba'in mita 40 ba, kuma ba ta sayar da cikakken abinci, tana iya barin a sha a ciki. Da yawa daga tsofaffin bodega a nan suka faɗa. Lissafin mai sauƙi ne: in wuri ƙarami ne kuma ba a dafa abinci, yi zaton hayaƙi, in akwai kicin da jerin abinci, ɗakin zama ba a shan taba. Kafin ka zauna duba tebur, in ka ga farantin toka ka samu amsa. Mai asma ko mai ciki bai kamata ma ya gwada ba. Mai lafiya kuma ya sani rigar sanyinsa za ta kwana biyu tana wari, kuma idan ita kaɗai ya zo da ita, da ita zai shiga taron gobe.

Ta fannin kuɗi ita ce mafi araha. Yawanci ba a biyan kuɗin shiga. Wasu wuraren ana zagayawa da hula ko tulu don makaɗa, wasu kuma sukan ƙara 'yan krone, kuɗin ƙasar, a kan kowane kofi muddin ana kiɗa. Ba a zuwa tebur a tambaye ka. Kai za ka je kanta ka faɗi abin da kake so, ka biya nan take. Ladar ma'aikaci ba wajibi ba ce a Danmak, harajin kashi 25 cikin 100 ma yana cikin farashin da aka rubuta.

Abin da ke rikita mutum shi ne zagaye, wanda suke kira omgang. Mutum ɗaya ya saya wa tebur duka, sai na gaba ya rama. Idan ba ka yi magana da wuri ba, sai dai ka ga kwalba a gabanka, wani lokaci har da ɗan ƙaramin kofi na snaps a gefe, wata barasa da ƙarfinta kusan kashi 40 cikin 100 ne. Faɗi tun kafin a tashi zuwa kanta: "Jeg drikker ikke alkohol", wato ba na shan barasa, ko ka faɗa da Turanci, kusan kowa yana ji. Ba a cika ja da mutum a kan haka ba. In an ɗaga kofi an ce "skål", ɗaga naka lemon ka dubi idon mutane, shi ke nan ka cika al'ada. Kuma idan zagaye ya iso kanka za a sa ran ka saya wa kowa abin da yake sha. Wanda ba zai sayi giya da kuɗinsa ba, gara ya ce tun farko shi ba ya cikin zagayen, zai riƙa sayen nasa.

Lokaci ma yana canza wurin gaba ɗaya. Daga ƙarfe 4 zuwa 8 na yamma dattawan unguwa ne da masu tasowa daga aiki, ana hira a natse. Bayan 11 na dare, musamman Juma'a da Asabar, buguwa ta fara aiki, ana ture juna, giya na zuba a kan takalma. Wanda yake son ganin yadda 'yan gari suke zaman hirarsu, awa ɗaya da yamma ta ishe shi. Wanda kiɗa ya fito nema, akwai inda ya fi.

Abin da ke cikin kofi da abin da ke kan faranti

Wannan ya shafi duk wuraren, kuma nan ne baƙo ya fi yin kuskure, don sunaye suna yaudara. Kalmar alkoholfri a jikin kwalba a Danmak ba lallai tana nufin babu barasa ko ɗigo ba. Doka ta yarda a rubuta ta a kan abin da ke da barasa har kashi 0.5 cikin 100. Wanda ba ya son ko wannan ya nemi inda aka rubuta 0,0%. Hvidtøl, wadda ake yawan sayarwa lokacin Kirsimeti, baƙa ce mai zaƙi, ɗanɗanonta kamar maltar da muka sani, amma tana da barasa kaɗan. Abin dariya, Supermalt ɗin da aka saba gani a kantunan Najeriya da Gana asalinta daga Danmak ne, tun 1972, amma da wuya ka same ta a kantar mashayar Kopenhagen. Cider, irin su Somersby, kamanninta da ƙamshinta na lemon tuffa ne, barasa ce. Ruwan tuffa na gaskiya sunansa æblemost. Gløgg mai zafi da ake miƙa wa mutum lokacin sanyi, mai zabibi da ƙamshin kanumfari, ruwan inabi ne mai bugarwa, wani lokaci har da ƙarin mai ƙarfi.

Akwai kuma yaudara ta ɗaya ɓangaren, wato abubuwan da sunansu na kamfanin giya ne amma lemo ne zalla. Tuborg Squash lemon zaƙi ne mai gas. Faxe Kondi lemo ne fari, duk da akwai giya mai suna Faxe, don haka a faɗi sunan cikakke. Danskvand ruwa ne mai gas. Cocio madara ce da cakulan, kusan kowace bodega tana da ita a firij. Hyldeblomst ruwan wani fure ne mai sanyin ƙamshi. Kofi da shayi ma ana samu, sai dai a mashaya in aka ce "Irish coffee" akwai wuski a ciki.

Abinci ya fi wuya, domin Danmak ƙasar alade ce. Kalmomin da za a haddace su ne svin, gris, flæsk, skinke da bacon. Flæskesvær, ɗan soyayyen abu mai ƙaras-ƙaras da ake ajiyewa a kanta kusa da gyaɗa, fatar alade ce. Frikadeller, ƙwallon nama, da alade ake yi ko a gauraya shi da na maraƙi. Leverpostej hantar alade ce. Jar tsiran-Turawa da ake sayarwa a keken bakin titi, røde pølser, alade ne. Abincin da aka zaɓa na ƙasa a 2014, stegt flæsk med persillesovs, shi ma soyayyen alade ne da dankali. Smørrebrød, wato yankan baƙin burodi da ake ɗora abubuwa a kai, yana da na kifi da na ƙwai da na jatan lande, amma akwai tarko biyu: a wasu tsofaffin gidajen ana shafa wa burodin fedt, kitsen alade, a maimakon man shanu, musamman a ƙarƙashin kifin sild, kuma na dankali akan yayyafa masa bacon. Tambaya ɗaya ta isa, "smør eller fedt?", wato man shanu ko kitse. Fiskefilet da stjerneskud na kifi ne. Mafi sauƙi dai shi ne a ci kafin a fita: akwai gidan shawarma a kan Strøget kusa da Rådhuspladsen da yake nan tun 1980, kuma titin Nørrebrogade cike yake da gidajen abincin halal.

La Fontaine da Mojo

Su ma mashayu ne, amma kiɗa ne ya tara mutanen. La Fontaine tana lamba 11 a titin Kompagnistræde, wanda ke bin Strøget ta baya. Ƙaramin ɗaki ne, jaz ake yi, kuma abin da aka san ta da shi shi ne kiɗan gayya na ƙarshen mako: ƙungiyar gida ta fara, can dare ya raba sai makaɗan da suka gama aiki a wasu wurare su shigo da kayansu, wannan ya hau wancan ya sauka, ba tare da sun taɓa yin atisaye tare ba. In an dace, abin da za ka ji ba ka samunsa da tikiti. In ba a dace ba, ɗalibi ne zai yi minti goma yana neman hanya. Mojo kuwa tana titin Løngangstræde, 'yan mintuna daga Rådhuspladsen, ta buluz ce, wani salon kiɗan Amurka ɗan'uwan jaz, kuma kusan kowane dare akwai masu jita da ganga a kan ɗan dandamalinta.

Illarsu ɗaya ce: dare. Kiɗa ba ya kankama sai wajen 9 ko 10, kuma mafi daɗinsa bayan sha biyu ne, ana iya kaiwa asuba. Mai taron ƙarfe 8 na safe ya yi wa kansa lissafi. Kujeru kaɗan ne, ba a kama wuri a gaba, don haka ko dai ka zo awa guda kafin a fara ka zauna jira, ko ka yi tsayuwar awa biyu kafaɗa da kafaɗa da mutane. Ranakun Juma'a da Asabar akan biya kuɗin shiga a ƙofa, wanda bai kai tikitin gidan jaz ba. Mai lemo a hannu ba ya zama abin kallo a nan kamar a bodega, tunda idon kowa yana kan makaɗa. Amma kunne yana shan wuya a ƙaramin ɗaki mai lasifika. 'Yar robar toshe kunne daga kantin magani, wato apotek, ba ta da tsada.

Jazzhus Montmartre

Idan dare ɗaya ne kawai, kuma kiɗan ake so, a nan za mu sa kuɗinmu. Gidan yana lamba 19A a Store Regnegade, tafiyar 'yan mintuna daga Kongens Nytorv. An buɗe shi a 1959, kuma a shekarun 1960 ya zama matattarar manyan makaɗan jaz baƙaƙen fata na Amurka da suka bar ƙasarsu suka zauna a Kopenhagen, inda suka sami aiki da mutuncin da wariyar launin fata ta hana su a gida. Dexter Gordon ya yi shekaru fiye da goma a birnin yana busa a wannan ɗaki. Ben Webster da Kenny Drew a maƙabartar Assistens da ke unguwar Nørrebro aka binne su. Gidan ya koma titin Nørregade a 1976, ya rufe a 1995, sannan aka sake buɗe shi a ainihin wurinsa na farko a 2010. Fuskokin farar ƙasa da ke manne a bango, waɗanda ake gani a tsofaffin hotunan gidan, su ma an maido da irinsu.

Kujerun ba su kai 100 ba, shi ya sa tikiti yake ƙarewa da wuri idan babban makaɗi ne. A saya ta intanet kwanaki kafin ranar, a kuma duba jadawali, don ba kowane dare ake kiɗa ba. Farashin ɗaruruwan krone ne, gwargwadon wanda zai hau. Don a gane nauyinsa, yuro 1 kusan krone 7.46 ne, kuma wannan canjin ba ya motsi sosai saboda an ɗaure krone da yuro. Yawanci ana farawa wajen ƙarfe 8, a yi zango biyu da hutu a tsakani, kafin 11 mutum ya kama hanyar masauki. Babu hayaƙi. Ana sayar da barasa, amma ba wanda ya zo buguwa, kuma da an fara busa ɗakin yakan yi tsit, har ƙarar cokali ana ji. Wannan shirun shi ne sharaɗin: ba a hira, ba a amsa waya, ba a haska fitilar kyamara. Ana tafa wa makaɗi idan ya gama nasa zagayen a tsakiyar waƙa, ba sai an kai ƙarshe ba. Wanda ya fito don ya sake da abokai ya yi dariya, zai ji kamar an ɗaure shi; shi Mojo ce tasa.

Mai son kiɗan da ya fi kusa da gida ya leƙa jadawalin ALICE da ke Nørrebro, wanda aka kafa a 2018, inda makaɗan Afirka ta Yamma da na Sahara sukan biyo. Ya ɗan fita daga tsakiyar gari, amma tsarinsa na tikiti ne kamar wannan.

Kiɗan fili

Tivoli tana tsakanin babbar tashar jirgin ƙasa da Rådhuspladsen, an buɗe ta a 1843. Lambu ne na shaƙatawa mai lilo da gidajen abinci, kuma daga wajen Afrilu zuwa Satumba ana yin Fredagsrock, babban kiɗan daren Juma'a da ƙarfe 10 a filin da suke kira Plænen. Kuɗin shiga lambun daban, na hawa lilo daban. Daren da shahararren mawaƙi zai zo akan buƙaci kama gurbi tun kafin ranar, kuma akwai ƙa'idar shekaru ga yara marasa rakiya, don haka a duba kafin a ɗauko iyali. Lambun ba ya buɗe duk shekara. Bayan lokacin zafi sai zangon Oktoba da na Kirsimeti da makamantansu.

Fa'idarsa a fili take: iska, sarari, kuma kana iya ja da baya daga cunkoso ka zauna a benci kana ji daga nesa. Ana shan giya a nan ma, a kofin roba, gaban dandamali kuma yakan cika da matasa masu tsalle. Illarsa sama ce. Ko a Yuli, zafin rana bai cika wuce digiri 22 ba, da dare ya sauka wajen 13 ko 14, wato sanyin hunturun Kano ko Damagaram, sau da yawa da yayyafi a kai. Rigar ruwa da ta sanyi dole ne.

Wanda tafiyarsa ta faɗo farkon Yuli kuwa, zaɓi ya ƙare. Bikin jaz na Kopenhagen, wanda ake yi tun 1979, yana farawa Juma'ar farko ta watan, ya yi kwana 10, da wasanni fiye da 1,000 a faɗin gari, da yawa kyauta a dandali da bakin ruwa da rana tsaka. Ba ƙofa, ba mai gadi, ba hayaƙin ɗaki, ba wanda zai tambaye ka me za ka sha. Akwai ƙanensa na lokacin sanyi, Vinterjazz, a watan Fabrairu, amma shi a cikin ɗakuna ake yi.

A nan ne maganar salla take shigowa. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe 10 na dare, ta fito wajen 4 da rabi. Wasan ƙarfe 8 a Montmartre zai ci Magariba a zango na biyu, na Tivoli kuma yana farawa daidai lokacinta. A Disamba rana tana faɗuwa kafin 4 na yamma, an yi Isha tun kafin a buɗe ƙofa. Babban masallacin Hamad Bin Khalifa, wanda aka buɗe a 2014, yana can wajen Nørrebro, ba wurin da za a leƙa a dawo cikin hutun minti 20 ba ne.

Nyhavn, mashigin ruwan nan mai gidaje kala-kala da aka haƙa a shekarun 1670, kowa zai ce ka je. Je ka, ka ɗauki hoto. Amma zama a teburan bakin ruwan kuɗin kallo ne: abin sha yakan kusa ninka na bodega, kiɗan kuma sau da yawa na jan hankalin 'yan yawon buɗe ido ne. 'Yan gari da kansu sukan sayo nasu a kanti su zauna a gefen ruwan, ƙafa a lilo.

Ta kwaikwayo a ƙasar waje

Akwai kuma mashayun da ke ɗaukar kamannin Danmak a wasu birane. Wadda aka fi sani ita ce Den Danske Kro a titin Ingólfsstræti, tsakiyar Reykjavik, babban birnin Ayislan, ƙasar da ta kasance ƙarƙashin sarautar Danmak har 1944. Kalmar kro a Danmak masaukin matafiya take nufi, na ƙauye ko bakin hanya, mai ɗakin kwana da abinci, don haka sunan ado ne. Abin da za ka tarar shi ne tutoci ja da fari, giyar Danmak, allon jifan kibiya, da mawaƙi ɗaya ko biyu da jita suna rera waƙoƙin da kowa ya sani, ɗaki yana amshi. Ta fi bodega ta asali tsafta ga huhu, don Ayislan ta hana taba a mashayu tun 2007, amma shekarun shan barasa a can 20 ne, ba 18 ba kamar a mashayun Danmak, kuma komai ya fi tsada. Wurin rera waƙa ne tare da jama'a, ba wurin sauraro ba. A ma'auninmu na farko tana ɓangaren da sha ne gaba.

Ranaku, ƙofa, biya da komawa

Akwai daren da bai kamata baƙo ya fara da shi ba: Juma'ar farko ta Nuwamba, wadda suke kira J-dag, lokacin da Tuborg ke fitar da giyarta ta Kirsimeti da ƙarfe 8:59 na dare. Gari yakan cika da masu shuɗiyar hula, kowace mashaya maƙil. Daga nan har Kirsimeti kuma, daren Juma'a da Asabar na walimar ma'aikata ne, julefrokost, inda ake sha fiye da kima. A wannan zangon gidan tikiti ya fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. Talata zuwa Alhamis sun fi sauƙi a kowane wata.

A ƙofa, riƙe fasfo ko katin shaida mai hoto. Dokar wuƙa a Danmak tana da tsauri, kuma a wuraren fitar dare ba a karɓar uzurin "ta yanka lemo ce"; a duba jaka kafin a fito. Mata su sani hijabi ba shi da matsala, amma rufe fuska a bainar jama'a haramun ne a dokar ƙasar tun 1 ga Agustan 2018, tarar farko krone 1,000. Ƙorafin hana baƙaƙen fata da Larabawa shiga wasu gidajen rawa daɗaɗɗe ne a birnin, doka ta hana, kuma hukumar Ligebehandlingsnævnet, mai duba ƙorafin wariya, tana karɓar ƙara. An fi jin sa a gidajen rawa masu dogon layi da masu gadi. Mai tikiti a hannu ba ya rataye da ra'ayin mai gadi. In ya faru, kada a yi rigima a bakin ƙofa, a rubuta lokaci da wuri. A manyan wuraren kiɗa akan sa mutum ya ajiye rigar sanyi da babbar jaka a garderobe, a biya 'yan krone, a ba shi lamba. Ɗauki hotonta da waya, don ɓatar da ita na nufin jira har kowa ya watse.

Kati ne kuɗin garin. Amma wasu ƙananan bodega ba sa karɓar komai sai Dankort, katin cikin gida, ko MobilePay, tsarin biya ta waya wanda baƙo ba zai iya buɗewa ba, kuma katin da aka fitar a wajen Tarayyar Turai ana iya ɗora masa ɗan ƙari. Riƙe krone 200 zuwa 300 a ƙananan takardu. Yuro ba kuɗin ƙasar ba ne. Takardar krone 1,000 ta daina aiki tun ƙarshen Mayun 2025, kada ɗan canji ya haɗa ka da ita. Daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe kuma doka ta ba mai kanti damar ƙin karɓar tsaba, don haka ana buƙatar duka biyun.

Komawa ba ta da wahala, domin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin, tana aiki dare da rana. Tashoshin Rådhuspladsen da Gammel Strand suna kan layin M3 da M4, su ne na Mojo da La Fontaine. Kongens Nytorv ta Montmartre da Nyhavn ce, kuma daga nan M2 tana kai mutum filin jirgin sama cikin kusan minti 15. Babu shinge a tasha, sai ka shiga kawai, abin da ke sa baƙo ya ɗauka kyauta ce. Ba kyauta ba ce: masu duba tikiti suna yawo har tsakar dare, tarar kuma krone 750 ce ko fiye. Sayi tikiti a na'ura ko a waya kafin ka taka jirgin. Tasi tana da tsada ƙwarai. Idan da ƙafa za ka koma, lura da ɗan titin da ke tsakanin hanyar 'yan ƙafa da ta mota: na kekuna ne, suna gudu ba ƙara, kuma bayan sha biyun dare ba kowane mai keke ne yake cikin hayyacinsa ba. Lambar gaggawa 112 ce, ta rashin lafiyar da ba ta kai gaggawa ba a yankin babban birnin kuma 1813.